Idan Yaro Ya Canza Hali, A Fara Duba Lafiyarsa

Yaron da aka sani da fara'a, idan ya wayi gari da rigima, yawan kuka ko ƙin cin abinci, bai kamata a garzaya ga bulala ba, domin sau da yawa ciwo ne yake damunsa wanda bakinsa bai iya faɗa ba. A fara auna zafin jikinsa. Idan ya kai digiri 38, zazzaɓi ne. A nan Kano, musamman da damina lokacin da kwatoci suke cika sauro ya yawaita, a kai shi gwajin jini kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, a daina sayen magani da ka a kemis.

Idan gudawa ce, a narka fakiti ɗaya na ORS, wato haɗin gishiri da sukari na maganin gudawa, a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma uwa ta ci gaba da shayarwa. Amma jijjiga, kasa shan nono, amai ba tsayawa ko numfashi da ƙyar ba abin jinya a gida ba ne. A tafi Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala nan take. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki.

Idan an tabbatar lafiyarsa ƙalau, sai uwa da uba su haɗa baki kan doka ɗaya, su tsawatar masa a keɓe, su kuma yaba masa ranar da ya gyara.