Inda ya kamata a kafa kyamarar tsaro don ta riƙa gane motsi

Sau da yawa kyamarar tsaro lafiyarta ƙalau, wurin da aka maƙala ta ne bai yi ba. Ko dai waya ta yini tana ƙara saboda akuya da adaidaita sahu har maigida ya gaji ya kashe sanarwar, ko kuma a haura katanga kyamarar ba ta ce uffan ba.

Fara da sanin irin wadda ke hannunka. Akwai mai gane motsi ta canjin hoto, wadda ko inuwa ta gifta sai ta tashi. Akwai kuma mai jin ɗumin jiki, wato PIR, da aka fi samu a kyamarori masu batir ko sola. Ita wannan ta fi kama wanda ya ratsa ta gabanta daga gefe zuwa gefe. Wanda ya nufo ta kai tsaye yakan iso bakin ƙofa kafin ta farga. Saboda haka kada ka saita ta tana kallon hanyar shigowa ido da ido. Kafa ta a gefen get ko a kusurwar gini, yadda duk mai shiga dole ya yanka ta gabanta, kuma kada tazarar ta wuce mita 5 zuwa 8.

Tsayin ya kasance mita 2.5 zuwa 3 daga ƙasa, a ɗan sunkuyar da kanta kamar digiri 15 zuwa 30. Idan ta yi ƙasa, yaro ma zai juya ta da sanda. Idan ka kai ta saman bene, huluna kawai za ka riƙa gani, ba fuska ba. Gilashin idon kyamara, wato lens, mai milimita 2.8 na farfajiya ne mai faɗi. Na milimita 4 ko 6 shi ya dace da lungu ko doguwar katangar baya.

Kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, don hasken safiya da na bayan la'asar yana dushe hoto. Zafin Kano ma abin lura ne. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, jikin mutum kuma 37 ne, sai PIR ta kasa bambance mutum da katangar da ta sha rana. Sa ta ƙarƙashin inuwa, nesa da injin AC na waje da salansar janareto, domin iskarsu mai zafi tana sa ta ƙarar banza.

Da dare ne aka fi samun cikas. Hasken ƙananan fitilun da kyamara ke gani da su a duhu yana dawowa cikin idonta idan akwai bango ko bakin rufin kwano daf da ita, sai gefe ɗaya ya yi fari fat, sauran ya yi baƙi. Juya ta har bangon ya fita daga hoton. Kafa ta bayan gilashin taga kuwa asarar kuɗi ne: hasken zai dawo, ɗumin jiki kuma ba ya ratsa gilashi. Da hunturu a riƙa goge ƙura da ƙyalle mai laushi duk mako. Da damina ƙwari ne ke taruwa, gizo-gizo ya biyo su da saƙa, zare ɗaya yana lilo ya ishe ka kwana ba barci. Sa ƙwan fitila daban, kamar mita 2 daga kyamarar, ƙwarin su koma can.

A cikin manhajar kyamarar da ke wayarka, shata yankin da kake so a lura da shi. Cire titi da rassan darbejiya, ka bar bakin ƙofa da saman katanga. Ƙarfin jin motsi ya tsaya a tsakiya, in akwai zaɓin gane mutum kaɗai ka kunna shi. Inda gidaje suke manne da juna, duba da kyau kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa suke. Karkatar da ita, ko ka rufe wannan ɓangaren a manhaja.

Wayar haɗin kyamarar, wato kebul, ta bi cikin bututun roba, a rufe mahaɗarta kada ruwa ya shiga. Na'urar ajiye bidiyo da ta intanet a haɗa su da inbata ko UPS, in ba haka ba ana ɗauke wuta komai ya tsaya.

Kafin ka ɗaure kusoshi, sa wani ya ratsa wurin da azahar, da magariba, da bayan isha, kana duba waya. In sanarwa ba ta shigo ba sai bayan ya wuce, sauya kusurwar tukuna kafin ka taɓa ƙarfin jin motsin.