Yadda ake samun izinin kama dabbar da ke fuskantar ƙarewa ko fitar da samfurinta daga Najeriya

Mai bincike da ke son ɗibar jinin ayu a Binuwai, ko gidan namun daji na wata ƙasa da ke son karɓar aku daga Najeriya, izini biyu ne a gabansa. Na farko shi ne na kamawa ko ɗibar samfuri a inda dabbar take. Na biyu shi ne na tsallake iyaka da ita, wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsara tun da ta fara aiki a 1975. Samun ɗaya ba ya ɗauke wa mutum ɗayan, kuma a nan ne masu nema kan yi tuntuɓe.

Da farko ka tantance dabbar da sunanta na kimiyya, ka duba jerin CITES da take ciki. Sunan gida bai isa ba, don "ungulu" ko "kunkuru" kaɗai na iya nufin jinsi da yawa masu hukunci daban. Jeri na ɗaya na dabbobin da aka hana cinikinsu ne: ɗankunya duk nau'o'insa takwas da aku mai launin toka sun shige shi a taron CITES na Johannesburg a 2016, ayu kuwa tun 2013. Jeri na biyu ana cinikinsu, amma da takarda. A cikin gida kuma akwai dokar 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016.

Izinin kamawa ana nemansa ne wajen mai iko da dajin. Gashaka Gumti, Kamuku da Tafkin Kainji suna ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, Yankari kuwa a hannun gwamnatin Jihar Bauchi take. Ka haɗa wasiƙar jami'arka ko cibiyarka da bayanin aikin: dabba nawa, a wane yanki, da wane irin tarko ko allurar barci, wane likitan dabbobi ne zai tsaya a kai, kuma ina dabbar za ta koma bayan an gama. Wanda ya rubuta "kaɗan" a gurbin adadi, takardarsa za ta dawo masa.

Takardar fitarwa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke bayarwa. Kafin ta sa hannu, masana za su tabbatar cewa ɗaukar ba za ta cutar da ɗorewar jinsin ba, ita kuma ma'aikatar ta gamsu cewa ta halastacciyar hanya aka samo dabbar. Hujjarka a nan ita ce izinin kamawar nan, saboda haka ka adana asalinsa. Idan dabbar tana jeri na ɗaya, sai ƙasar da za a kai ta ta fara ba da izinin shigowa, sannan Najeriya ta ba da nata. Takardar fitarwa wata shida take yi, ta shigowa wata goma sha biyu, don haka kada ka karɓi ta fitarwa tun kafin tafiya ta kankama.

A jikin takardar akwai haruffa biyu da ya kamata ka sa wa ido. Ɗaya na nuna dalili: S na binciken kimiyya, Z na gidan namun daji, N na mayarwa daji. Ɗayan na nuna asali: W wadda aka kamo a daji, C wadda aka haifa a hannu, I wadda hukuma ta ƙwace. Rubuta C a kan dabbar da aka kamo a daji tsohuwar dabarar 'yan fasa ƙwauri ce, kuma jami'an ƙasashen waje sun san ta sarai.

Jini, gashi, fata da ɓawo duk suna buƙatar takarda, ko da ɗigo ne a 'yar kwalba. Kashi da fitsarin da dabba ta zubar da kanta ba sa cikin hukuncin CITES, kuma masu nazarin giwaye da birai na yawan aiki da su, sai dai wannan bai ɗauke maka takardar lafiyar dabbobi ba. Dabba mai rai da za ta hau jirgi dole akwatinta ya bi ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya.

Ranar tafiya ka tsaya a gaban kwastan su ƙirga kayan, su rubuta adadin da ya fita a kan asalin takardar, su buga hatimi. Idan babu wannan hatimi, ƙasar da za ka sauka na iya ƙwace kayan, kuma ba a cika ba da takarda bayan kaya sun riga sun fita ba.