Ɗaga ƙarfe da kwaikwayon 'yan hoki: kurakuran da suke kwantar da sababbin shiga

Duk mai koyar da ɗaga ƙarfe ya san irin wannan saurayin. Da daddare ya kalli bidiyon wani ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara yana atisaye, jininsa ya tafasa, gari na wayewa ya iso wurin ƙarfe da niyyar yin aikin shekara ashirin a mako guda. Kafin wata ya zagayo ba shi ba labarinsa. In ka bincika, ko gwiwa ce ta kama shi, ko gadon baya, ko kuma zafin naman ya huce kawai.

Neman ƙwarin guiwa wurin 'yan hoki ba laifi ba ne, kuma akwai dalili mai kyau. A gasar NHL ta Kanada da Amurka, kowace ƙungiya tana buga wasanni fiye da 80 a kaka ɗaya kafin ma a shiga zagayen neman Kofin Stanley, kofin zakarun gasar. Ɗan wasa yakan shiga fili ya yi kamar daƙiƙa 45 yana gudu iya ƙarfinsa a kan takalmi mai wuƙar ƙarfe, ana bangazarsa da katangar fili, a fitar da shi ya numfasa, ya sake komawa. Duk da wannan azaba, Gordie Howe ya buga har yana da shekara 52, Chris Chelios ya kai 48, Jaromir Jagr da Zdeno Chara kowanne ya kai 45 a gasar. Abin koyi yana nan jingim. Matsalar ita ce sababbin shiga sukan tsallake abin koyin su rungumi ɓangaren da ya fi daɗin labari.

Mafi muni a ciki shi ne kwaikwayon yawa. Jagr, ɗan garin Kladno a ƙasar Cek, ya sha faɗa cewa tun yana ƙaramin yaro yake yin tsuguno da tashi sau 1,000 a rana. Wannan maganar ta lalata gwiwoyin da ba su ji ba ba su gani ba. Mutum bai taɓa yin hamsin a jere ba, sai ya ce daga yau dubu zai riƙa yi, wani ma har ya ɗora ƙarfe a kafaɗa. Ka tsaya ka duba abin da ba a faɗa maka ba. Jagr yaro ne a lokacin, jikinsa ba nauyi, ba ƙarfe a wuyansa, kuma shekaru ya yi jikin yana sabawa. Kai kuwa ƙato ne mai kilo 75 wanda ya wuni a zaune. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin 'yan makonni, amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi sai ta ɗauki watanni kafin ta kamo ta. A wannan tazarar ne ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa yake shigowa, kuma in ya shigo ba ya saurin fita.

Akwai abin da ya fi ciwon gwiwa haɗari. Idan wanda bai saba ba ya yi wa tsoka ɗaya ɗaruruwan maimaici a zama guda, naman tsokar yana iya farfashewa ya zuba cikin jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce cinya ta kumbura ta yi tauri, ciwo ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, kada ya tsaya shafa man zafi.

Masu wannan ɗabi'a sukan kafa hujja da Rod Brind'Amour, kyaftin ɗin Carolina Hurricanes da ya ɗaga Kofin Stanley a 2006. Gaskiya ne, lokacin yana jami'ar Michigan State daga filin wasa ɗakin ƙarfe yake wucewa, har kocinsa Ron Mason ya ba da labarin cewa sai da suka riƙa kashe masa fitila, da hakan bai hana shi ba suka garƙame ƙofar da kwaɗo. Mutane suna jin wannan labari su yaba wa yaron, ni kuwa hankalina yana wurin wanda ya sa kwaɗon. Brind'Amour yana da mutumin da zai ce masa ya isa haka. Kai wa kake da shi?

Tsarin da nake ɗora sabon shiga a kai ba shi da ban sha'awa ko kaɗan. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya tsakani. Kowace rana motsi huɗu ko biyar: tsuguno da ƙarfe, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, turi a kan benci ko sama da kai, ja zuwa ciki, da wani abu na ƙafa ɗaya. Kowane motsi zagaye uku, sau 5 zuwa 8, da hutun minti biyu zuwa uku tsakanin zagaye. Ka ajiye ƙarfen kana jin da sauran maimaici biyu a jikinka. Ranar da ka cika takwas a duka zagaye ukun ba tare da bayanka ya lanƙwashe ba, ka ƙara kilo 2.5, ba ƙari. In nauyi ɗaya ya gagare ka sau biyu a jere, ka rage kashi goma cikin ɗari ka sake hawowa. Wasu masu horarwa sun fi son sau 10 zuwa 12 ga sabon shiga. Ni na fi son kaɗan, domin a maimaici na goma sha ɗaya ne gajiya take ɓata tsayuwar mutum.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, saboda ana yi masa kirari da sunan jarumta. A wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 2013, Patrice Bergeron na Boston Bruins ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan wasa aka kwantar da shi a asibiti da huda a huhu. A 2019 Chara ya koma fili da karyayyen muƙamuƙi. Sai ka ga yaro kafaɗa tana sukarsa kamar allura a kan benci, ana ce masa ya sauka, yana cewa ai su wane da karaya ma sun yi. Haba! Waɗannan mutane suna gab da kofin da suka yi rayuwarsu suna nema, likitoci na tsaye a kansu, albashinsu miliyoyin daloli ne, kuma suna gamawa hutun watanni yake jiransu. Kai me kake nema ranar Talata da yamma da ba za ka same shi mako mai zuwa ba? In kafaɗar ta yage, kuɗin aikin daga aljihunka zai fita, sana'arka kuma ta tsaya.

Dole ka iya bambance ciwo biyu. Akwai tsamin jiki, wanda yake zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye, a cikin naman tsoka, yawanci dama da hagu daidai, kuma yana raguwa in jiki ya ɗumama. Wannan ba ya hana aiki. Akwai kuma ciwo mai suka a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, a gaɓa ko kusa da ita, wanda yake ƙaruwa da kowane zagaye. Da ka ji shi, wannan motsin ya ƙare a ranar. Ka rage nauyin da rabi a zama na gaba, ko ka sauya riƙo, ko ka taƙaita nisan saukar. In ya wuce mako biyu, ko akwai kumburi, ko hannu ko ƙafa suna mutuwa ko yin yam-yam, sai likita.

In labarin ɗan hoki kake so a kan ciwo, ga wanda ya cancanta. Gary Roberts ya yi ritaya a 1996 yana da shekara 30, bayan aikin tiyata biyu a wuya. Ya yi kaka guda cur bai buga ba. A wannan lokacin ya sake gina jikinsa daga tushe, ya gyara abincinsa, ya dawo a 1997 ya buga har 2009 yana da shekara 42. Da ya ajiye wasa ya koma horar da matasa, kuma Steven Stamkos, wanda ya ci ƙwallo 23 a kakarsa ta farko, ya ci 51 a ta biyu bayan ya yi atisayen bazara a hannunsa. Roberts ya samu ƙarin kaka goma sha ɗaya a fili ne bayan ya yarda ya tsaya.

Sai maganar ƙirji da damtse. Je ka kowane wurin ƙarfe, layi yana kan benci, wurin tsuguno kuwa ba kowa. Mutum ya ce 'yan hoki ne gwanayensa, amma ƙafafunsa ba su san da zancen ba. Ƙarfin ɗan hoki a cinya da ɗuwawu da ƙugu yake. Martin St. Louis tsawonsa bai wuce santimita 173 ba, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa, amma a 2004 ya ci kofi da Tampa Bay kuma aka ba shi kyautar gwarzon gasar, kuma har yau in ana zancensa sai an ambaci kaurin cinyoyinsa. A ɗaya gefen, Sam Bennett ya kasa jan jikinsa sama a jikin ƙarfe ko sau ɗaya a gwajin matasa na 2014, aka yi ta yi masa dariya, duk da haka Calgary ta ɗauke shi na huɗu, kuma a 2025 shi ne gwarzon zagayen kofi tare da Florida. Wannan ba izinin barin jan jiki ba ne. Yana dai nuna maka inda injin yake.

Tunda gudun kan ƙanƙara ƙafa ɗaya ce take turawa a lokaci guda, masu horar da 'yan hoki irin su Mike Boyle, wanda ya daɗe da ƙungiyar jami'ar Boston, suna ba aikin ƙafa ɗaya muhimmanci. Mafi amfani shi ne wannan: ka juya wa benci baya, ka ɗora bayan ƙafa ɗaya a kai, ɗayar ka matsar da ita gaba kamar taku ɗaya da rabi. Ka sauka a hankali har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, diddigen gaba a manne, gwiwar gaba tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo. In diddige yana ɗagawa, ƙafar ta yi kusa da benci. In kana jin ja a ƙasan baya, ta yi nisa. Sau 8 kowace ƙafa, ka fara da mai rauni, mako biyu na farko ba ƙarfe a hannu.

Kada ka manta da matsematsi. Yagewar tsokar cikin cinya ciwon 'yan hoki ne na gado, kuma wani bincike da aka wallafa a 2001 a kan 'yan wasan NHL ya gano cewa wanda ƙarfin tsokar cikin cinyarsa bai kai kashi 80 cikin ɗari na ta wajen ƙugu ba, haɗarinsa ya ninka sau 17. Maganin mai sauƙi ne. Ka kwanta a gefe ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗora gwiwar ƙafar sama a kan benci, ka ɗaga ƙugu ka riƙe daƙiƙa 15 zuwa 20, sau uku kowane gefe. Masu buga ƙwallon ƙafa a ƙarshen mako su ma wannan nasu ne.

Chelios ya yi suna wajen tuƙa keken motsa jiki a cikin ɗakin zufa, sai wasu suka mayar da wannan hujjar sa rigar leda da rana tsaka. Zufa ruwa ce, ba kitse ba. Wanda yake atisaye a zafin Afrilu ya riga ya samu zufar da ta ishe shi. Ka hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama. In ka rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinka, wato kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 75, ka yi ƙarancin shan ruwa, kuma kowane kilo da ya tafi yana buƙatar kusan lita ɗaya da rabi a hankali cikin sa'o'in da suka biyo. Da azumi, sai bayan shan ruwa, kuma a rage zagaye ɗaya.

Ragowar ƙanana ne, amma suna ci. 'Yan hoki sukan yi ƙarfe mai nauyi ne a hutun bazara, in kaka ta fara sai su rage su riƙe abin da suka samu, saboda haka kai ma duk bayan mako shida zuwa takwas ka yi mako ɗaya a rabin aiki. Barcin da bai kai awa bakwai ba yana rage amfanin wahalarka. Abinci kuwa, kimanin giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga kowane kilon jikinka a rana ya wadatar, kuma ƙwai ɗaya giram shida ne kawai, don haka sai an haɗa da wake, kifi, awara, nono da gyaɗa. Ƙwayoyin sha-ka-fashe ruwa da kitse suke tarawa, kada ka kusance su. In ƙarfenka na siminti ne da aka zuba a gwangwani, ka kai shi kan sikelin masu hatsi ka auna kowane gefe ka rubuta da fenti, domin bambancin kilo biyu tsakanin dama da hagu ya isa ya karkatar da kafaɗa.

Zafin naman da bidiyo yake kawowa ba ya wuce kwana biyu, kuma dogara da shi ma kuskure ne. Ka sayi ƙaramin littafi. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, motsi, nauyi, sau nawa, da layi ɗaya a kan inda ka ji ciwo in akwai. Ranar da kasala ta kama ka, ka je ka yi ɗumama jiki na minti goma da zagayen farko kawai. In bayan nan jikin ya ƙi, ka rubuta hakan ka tafi gida, ka dawo jibi da nauyin da ka tsaya a kai.