Kafin ka sayi fili don ajiya a Garwa ko Marwa

'Yan uwa, ajiyar kuɗi a fili abu ne mai kyau, amma takardar da jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya sa wa hannu ba ta mayar da fili naka. Tun dokar 1974, shaidar mallaka a Kamaru ita ce titir fonsiye kaɗai, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa.

In filin yana da titir, karɓi lambarsa ka je ofishin adana takardun filaye na MINDCAF, wato ma'aikatar filaye, a ba ka takardar da ke nuna sunan mai shi na yanzu, da ko an jinginar da shi a banki. Cinikin kuma a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, za a yi, in ba haka ba doka ba ta san da shi ba. In yanki za a yanka maka daga babban fili, mai awon filaye na gwamnati ya kafa turakun siminti, a fitar maka da titir naka daban. Mutane kan yi sakaci a nan, filin ya zauna da sunan tsohon mai shi, ya rasu, magada su taso. Filin gado kuwa, kada ka biya ko sefa ɗaya sai duk magada sun amince a rubuce.

Je ka ga wurin da idonka a watan Agusta. Filin da ke kusa da kogin Binuwai a Garwa ko rafin Mayo Kaliyawo a Marwa yana da kyau da rani, da damina sai kwale-kwale. Baƙar ƙasa mai tsagewa kuma tana fasa gini, harsashi a kanta akwai tsada. Tambayi maƙwabta ko burtali ya ratsa ta ciki.

Ka saya, ka kewaye shi, ka dasa darbejiya a kan iyaka, ka riƙa leƙawa, don fili ba mai tsaro ake sayarwa sau biyu.