Hayar mallakar tirela a Amurka: inda direbobi suka fi faɗawa rami

Duk wanda ya san yadda ake karɓar adaidaita sahu a Kano, ana kawo balas har a gama biya, ya fahimci tsarin. A Amurka kamfanin dakon kaya ne zai ba ka kan tirela, a riƙa cire kuɗin haya daga abin da ka samu kowane mako, bayan 'yan shekaru motar ta zama taka. Sai dai mai adaidaita shi yake neman fasinjansa. A nan kuwa wanda kake biya shi ne mai ba ka lodi, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne yin lissafi da mako mai kyau. Mai ɗaukar direbobi zai nuna maka jimillar kuɗin da mota ke shigowa da shi, ya yi shiru kan abin da ake zarewa. A ce ka yi mil 2,500, motarka na cin galan ɗaya a mil shida da rabi: kusan galan 385 ke nan na dizal, duk a wuyanka. Ga haya, ga inshora, ga kuɗin ajiyar gyara. Makon da lodi ya yi ƙaranci, ko ka kwanta rashin lafiya, ko ka je gida ganin iyali, hayar ba ta tsayawa. Akwai direbobin da takardar makonsu ke fitowa da bashi maimakon riba. A 2017 jaridar USA Today ta bankaɗo irin wannan a tsakanin direbobin tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Kuma ba za ka ce za ka rama da tuƙi dare da rana ba, tunda doka ta tsaida awa 11 na tuƙi kafin hutu, da awa 70 na aiki cikin kwana takwas. Saboda haka ka nemi a nuna maka takardun lissafin direbobin da ke cikin tsarin, na watanni a jere, ka gina lissafinka a kan mako mafi muni.

Sai sa hannu a ofis cikin gaggawa. Ka ce a ba ka yarjejeniyar ka tafi da ita, lauya ko ƙungiyar masu motar kansu ta OOIDA su duba. Idan aka hana ka fita da ita, ai ka samu amsarka. Abin da za ka nema a ciki: bayan biyan ƙarshe ana miƙa maka takardar mallaka, ko akwai dunƙulallen kuɗi da za ka ajiye tukuna? In ka bar kamfanin, za ka iya kai motar wani wuri, ko duk abin da ka biya ya bi ruwa? Wannan tambaya ta biyu ita na fi ba muhimmanci, domin kamfanin da ya rage maka lodi gab da ƙarshe zai iya karɓe motar ya miƙa wa wani sabon shiga.

Da yawa ba su san dokar tarayya ta 49 CFR 376 ta ba su haƙƙi ba. Dole a rubuta duk abin da za a cire maka, a biya ka cikin kwana 15 bayan ka miƙa takardun lodi, a mayar maka da kuɗin ajiya cikin kwana 45 bayan an rabu.

Kada fenti ya ruɗe ka. Tirela ƙirar Freightliner mai ƙyalli na iya zama a bakin babban gyaran inji. Ka kai ta wurin makaniken da ba na kamfanin ba, a zazzage bayanan kwamfutar injin, a duba tacen hayaƙi, ka tambayi ko garanti na nan da saura.

Haraji ma yana kama mutane bagatatan. Da ka shiga tsarin, ba ma'aikaci ba ne kai, fom 1099 za a ba ka, wato takardar haraji ta masu aikin kansu, ba mai cire maka komai. Akwai kashi 15.3 cikin ɗari na masu aikin kansu, ban da harajin kuɗin shiga, kuma sau huɗu ake biya a shekara. Buɗe asusu daban tun makon farko.

Kwamitin da FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan manyan motocin dako, ta kafa kan wannan harka ya fitar da rahotonsa a Janairun 2025, ya ba da shawarar a haramta wa kamfanonin dako irin wannan haya baki ɗaya. Ni dai da ƙanena ne ya karɓi lasisin CDL na tuƙa manyan motoci bana, cewa zan yi ya fara tuƙa motar kamfani shekara biyu, ya tara kuɗin kafin alƙalami, sannan ya nemi mota wurin dillalin da ba shi ke raba masa lodi ba.