Yadda ake bin sawun linkis a dajin Yukon

Sanyi uku na yi a Yukon, arewacin Kanada, kafin na iya gane sawun linkis, kyanwar dajin nan mai baƙin tuntu a kan kunnuwa da guntun bindi. Sirrin ashe ɗaya ne: kada ka nemi kyanwar, nemi zomo.

Ka fita da sassafe, ranar da sabuwar dusar ƙanƙara ta kwana a ƙasa. Ka nufi inda ƙananan itatuwa suka yi cunkus, ka duba rassan da ke kusa da ƙasa. In ka ga an datse su a karkace, tsaf kamar da aska, aikin zomo ne, wanda gashinsa ke rikiɗa fari fat da sanyi. Shi ne tuwon linkis, kuma inda ya yi yawa, tana nan kusa.

Sai sawun. Zagayayye ne, ya kusa tafin hannun babban mutum, yatsu huɗu, babu alamar farce domin tana noƙe su in tana tafiya. Kare da kyarkeci kuwa faratansu na fitowa ɓaro-ɓaro. Gefen sawun dishi-dishi yake saboda gashin da ya lulluɓe tafin. Abin da ya ruɗe ni da farko shi ne girmansa, har na zaci wata ƙatuwar dabba ce na juya da sauri, alhali nauyinta bai cika wuce kilo 14 ba. Faɗin ƙafar ne ke hana ta nutsewa. Ni kam na zurma har gwiwa a wurin da ta wuce salin alin.

Ka tambayi mazauna wurin ko shekarar zomo ce. Kusan duk shekara 10 zomaye kan yi yawa su cinye tsirrai, mafarautansu su ƙaru, sai kuma zomayen su ragu warwas. Bayan shekara 1 ko 2 linkis ma ta ragu, wasu su yi ƙaura mai nisan gaske. Tsoffin littattafan cinikin fatu na kamfanin Hudson's Bay tun ƙarni na 19 sun nuna wannan hawa da sauka. A shekarar fatara, ko ka wuni kana yawo da wuya ka dace.

In ka samu sawun, bi shi ta baya, inda ta fito, don kada ka kore ta daga farauta. A haka na taɓa tarar da wurin da ta yi kwanto: ɗan gurbi a ƙanƙara, tsalle uku, sai farin gashi da ɗigon jini.