Kurakuran da Masu Ɗaukar Hoton Jama'a Suka Fi Yi a Accra

Kuskuren da ya fi yawa wajen ɗaukar hoton yadda jama'a ke hulɗa a kasuwa ko tasha shi ne gaggawa. Mutum zai shiga kasuwar Nima tana cike maƙil, ya ɗaga waya tun bai yi wa kowa sallama ba, ya koma gida da hotunan fuskoki a murtuke. Abin da ya dace shi ne ya gai da mai tebur, ya ce, "Hajiya, ina neman izinin ɗaukar hoto," ya bayyana mata inda zai sa shi. A manyan kasuwanni irin su Makola, masu sayar da kowane irin kaya suna da shugabarsu, kuma idan ta amince, sauran ba su cika yin gardama ba.

Wanda ya sami izini ma yakan yi saurin danna kyamara, alhali a lokacin mutane sun gyara tsayuwa suna kallonsa. Ya nemi wuri ya zauna har ciniki ya dawo yadda yake, domin hoton da ake nema yana zuwa ne lokacin da Hajiya ta manta da shi, ta tsoma olonka, wato gwangwanin awo, cikin gero, ta share kansa da tafin hannu, mai saye kuma ya zuba ido yana neman gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne laɓewa daga nesa a jawo hoton 'yan mata kayaye, wato 'yan dako, suna barci a jikin kwanonin dakonsu, sannan a sa shi a Facebook da bayanin da ba a ji daga bakinsu ba. Yawancinsu daga arewacin Ghana suka zo neman abin kansu, kuma gajiyarsu ba abin nunawa ba ce sai da yardarsu. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, amma ko ba doka, wanda ya ce bai yarda ba a goge hotonsa a gabansa, yaro kuma a tambayi iyayensa.

Sai batun haske. Accra tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana hasken yakan sauko a tsaye ya bar inuwa a gurbin idanu. Gara a fita da hantsi ko bayan la'asar, a kuma tuna cewa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. Ranar Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021, fararen riguna sukan ruɗi kyamara ta rage haske har fuskoki su yi duhu. A taɓa fuskar mutum a allon waya, ko a ƙara haske kaɗan, kuma kada a gitta gaban mai salla don neman wurin tsayawa mai kyau.

A tashar trotro (ƙananan bas na haya) ta Circle, inda yaran mota ke tsalle suna kiran fasinja, hoto yakan fito dishi-dishi idan saurin ɗauka bai kai 1/500 na daƙiƙa ba. Kusa da Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, ko barikin soja na Burma Camp kuwa, a mayar da kyamara cikin jaka har sai an wuce.